Furotin ɗin kawa ko na ruwan madara: wanne ya fi wa mai shan kemo?

Mai ciwon daji da ke karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon, abinci ke fita masa a rai. Baki ya yi gyambo, tashin zuciya ya hana shi sakat, sai ka ga riga ta yi masa yawa. Shi ya sa likitocin Turai ke so ya samu furotin fiye da giram 1 kan kowane kilo na nauyinsa kullum.

Furotin ɗin kawa dai, wato halittar ruwan nan mai ɓawo (oyster), a ɗakin gwaji ya yi suna. A China an yi wa ɓeraye allurar cyclophosphamide, wani maganin kemo mai raunana garkuwar jiki, sannan aka ɗura musu furotin ɗin kawa da aka narkar. Bangon hanjinsu ya farfaɗo, saifarsu ma ta murmure. Kawa kuwa tana da zinki sosai. Sai dai ɓera ɓera ne. Ga masu alaji da jatan lande da danginsa, ga ɗanyar kawa da kan ɗauki ƙwayar cutar Vibrio, haɗari babba ga wanda kemo ya rage wa fararen ƙwayoyin jini.

Furotin ɗin ruwan da ke tsatsowa idan an yi cuku ya wuce matakin ɓeraye. A Italiya, a wani bincike da aka wallafa a 2019, an ba ramammun masu ciwon daji giram 20 kullum. Ƙarfin damtsensu ya ƙaru, illar kemo ta ragu.

Ni kam na madarar zan zaɓa, bayan likita ya amince.