Hattara da mai tallan tsofaffin lofe a Facebook, ni dai ya ci kuɗina

Salam jama'a, musamman mu 'yan tsirarun da Allah ya jarrabe mu da son tara tsofaffin lofe, wato tukunyar taba. Ni ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba wallahi, sassaƙar ce kawai take tafiya da ni, in sayo wanda ya sha jiki in zauna in goge in gyara. To akwai wani bawan Allah da yake yawo a guruf guruf yana damfarar mutane, kuma da kunya nake faɗa, ni ma na faɗa hannunsa.

Hoto ya ɗora na wani lofe mai kan dattijo da rawani da gemu, ya yi launin zuma, yana kwance cikin akwatinsa mai jan karammiski. Ya ce meerschaum ne aikin Vienna ta ƙasar Austria, wai kakansa ya yi wa wani Bature kuku shi ne ya bar masa da zai koma gida. Labarin ya zauna daram. Ya ce dubu 180, muka ja muka tsaya a 140, na tura rabi kafin alƙalami, da direba ya kira ni daga tasha ya ce saƙo ya iso na cika sauran tun ban buɗe kwalin ba, nan ne wautata.

Ga wanda bai sani ba, meerschaum wani farin dutse ne mai laushi mara nauyi, mafi kyansa a Eskişehir ta Turkiyya ake haƙo shi, su Turkawa lületaşı suke ce masa. A ƙarni na 19 ɗanyensa ake ɗauka a kai Vienna, masassaƙan can su fitar da fuskoki da dawakai da ƙafar mikiya riƙe da ƙwai, su ne masu tarawa suke bi da tsada yanzu. A shekarun 1970 Turkiyya ta hana fitar da ɗanyen dutsen, shi ya sa kusan duk sabon aiki a can ake yinsa, kuma ba laifi ba ne ka sayi sabo in an ce maka sabo ne. Matsalar ita ce garin da yake zuba wajen sassaƙa ba a zubar da shi, ana kwaɓa shi da gam a matse a cikin mazubi a fitar da lofe mai arha, to irin wannan aka rina aka aiko min a matsayin kayan shekara ɗari da ɗoriya.

Ina ɗaga shi gabana ya faɗi, don ya yi nauyi, na gaske kuwa in ka ɗauka sai ka ji kamar ba komai a hannunka. Na jiƙa yatsa na taɓa cikin tukunyar, dutsen asali yana shan ruwa har ka ji yatsan ya ɗan kama, wannan ko gezau, santsi kawai. Na juya bayan kunnen dattijon sai ga wani siririn layi ya taho tun daga rawani har wuya, wurin da mazubin ya haɗe kenan, an dai goge amma bai ɓace ba. Sai launi. Lofen da aka daɗe ana sha a hankali yake rinewa, yawanci daga wuya da gindin tukunya yake farawa, wani wuri ya yi duhu wani ya tsaya fari fari, ba ya taɓa yin bai ɗaya. Wannan kuwa har ƙololuwar rawani launi ɗaya ne kamar an tsoma shi a shayi, na ɗan ɗiga sifirit a auduga na shafa a gefe sai audugar ta koma ruwan ƙasa tana warin man takalmi. Dan Allah kar wani ya gwada sifirit a kan na gaske fa, ni sai da na riga na cire rai na yi, na gaske tsumma mai laushi da kakin zuma kawai yake so.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne bakin lofen, wurin da ake zuƙa. Mai tallan ya rantse amba ce, ƙaron itacen nan da ya daskare, na ɗora masa allura mai zafi ta ciki, maimakon ƙamshin ƙaro sai warin ƙonanniyar leda. Mahaɗin bakin da jikin lofen kuma farar roba ce ta turawa a zare, alhali na dā yawanci ƙashi ne mai zare da ake murɗawa. Akwatin karammiskin ma bai zo ba, a tsohuwar jarida aka naɗo min.

Ƙanina ne ya sa hoton a Google Lens, manhajar da ake bincike da hoto, sai ga shi a shafin wasu masu gwanjo na ƙasar waje, sato shi ya yi. Na kira shi ya ce "Alhaji ka yi haƙuri yarona ne ya yi kuskuren kwali", washegari ya bulokin ɗina a WhatsApp. Sunan da yake akawun ɗin banki daban da na Facebook, tun a lokacin na lura amma son abu ya rufe min ido.

Da na yi magana a guruf wani ɗan uwa ya biyo ni ya ce shi lofen tagulla ya sayar masa, wai daga fadar Sarki Njoya na Fumban a Kamaru. Njoya dai ya rasu tun 1933, kuma maƙeran Fumban har gobe suna zuba irin waɗannan da kaki suna sayarwa a fili a matsayin sababbi, 'yan tsakiya ne suke turara su da hayaƙi su laƙaba musu sarauta.

In wannan ɗan damfarar ya tallata maka, ka ce ya kira ka bidiyo kol ya riƙe lofen a hannu, ya kwance bakin ka ga mahaɗin, ya juya maka bayansa a rana, za ka ji netwok ya ɗauke nan take. Yana canza suna da hoton furofayil amma labarin kaka kuku da Bature ba ya canzawa. Duk wanda ya tura masa kuɗi ya yi min magana ta inbos da rasit ɗinsa, muna haɗawa ne mu kai wa 'yan sanda gaba ɗaya, mu uku ne yanzu.