Kwas ɗin sati takwas ko zaman da'ira? Amsa ga Sista

Sista sannu da aiki. Kin ce in-cajinku ta ba ku zaɓi biyu saboda kowa a wad ya gaji har an fara yi wa majinyata tsawa: kwas ɗin koyon nutsuwa, ko zaman tattaunawa tsakanin abokan aiki, wato zaman da'ira.

Abin da ke damunku dai ba ƙiwa ba ce, shi ne abin da Turawa ke kira burnout, wato matsananciyar gajiyar aiki. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa shi a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11, a matsayin matsalar wurin aiki, alamominsa uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe kan aikin, sai mutum ya riƙa jin ba ya tsinana komai.

Kwas ɗin, in irin wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a Amurka a 1979 ne, sati takwas ake yi, zama ɗaya a sati na wajen awa biyu da rabi, sannan kullum minti 45 a gida kina lura da numfashinki da jikinki. Yana rage damuwa kam, kuma abin da kika koya naki ne ko an yi miki taransifa. Amma fa ki duba, wadda ta sauka daga naiti ta kama keke zuwa Rigasa ko Sabon Tasha, ga yara ga girki, ina za ta samo minti 45 ɗin? Da ta rufe ido barci ne. Ga kuɗin mai koyarwa.

Zaman da'ira kuwa wani likita mai suna Michael Balint ne ya faro shi da likitoci a Landan a shekarun 1950. Mutum kamar takwas zuwa goma, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, ɗaya ta kawo labarin majinyacin da ya tsaya mata a rai, ba fayil ba takarda, misali tsohon da 'ya'yansa suka zage ta kan kuɗin magani ta koma gida tana ta juyayi, sai ta yi shiru sauran su tattauna, ba a maganar wane magani ya kamata a ba shi, maganar abin da ya shiga tsakaninta da shi ake. Kujeru kawai kuke buƙata da mai jagora da ya san aikin, a nan Kaduna ku tambaya a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Haɗarinsa gulma. In abin da aka faɗa ya fita koridó ko in-caji ta zauna ciki tana rubutu, wallahi ba mai sake buɗe baki.

Ni da'irar zan zaɓar muku. Sai dai binciken da aka tattara kan likitoci ya nuna gyaran tsarin aiki ya fi horar da mutum shi kaɗai tasiri, don haka ku roƙi a sa zaman cikin lokacin duti, kada a ci muku ranar of, kuma ku ɗauki rostan naitinku ku je da shi wajen in-cajin.