Washi ko kami: wace takarda ta fi dacewa da origami?

Mai koyon origami, fasahar ninke takarda ta Japanawa, yakan fara da kami: siririya ce, santimita 15 kowane gefe, fuska ɗaya launi, ɗaya fari. Ga araha, kuma da ka bi ninkin da farce, layi ya zauna daram. Sai dai in ninki ya yi yawa wuri ɗaya, sai ta yage.

Washi kuwa ta gargajiya da hannu ake yin ta, yawanci daga ɓawon itacen kozo. Zarenta dogaye ne, shi ya sa take jure murɗa da danshi. A 2014 UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin al'adun gado. Akwai tsada kam. Amma salon Akira Yoshizawa, gwanin origami ɗan Japan, inda ake ɗan jiƙa takarda a lanƙwasa ta ta ba da siffar jikin dabba, kami ba ta iya ɗaukarsa.