Shagon da ya yi mani zanen Gobarau ba tare da Gobarau ba

Wata huɗu kenan da muka tare a sabon gida, bangon falo fari fat kamar ɗakin asibiti, kullum maman yara sai ta yi mani mita a samo abin da za a rataya, amma da sharaɗi, ba ta son hoton mutum ko na dabba don a falon baƙi ke yin sallah, ni kuma gaskiya na gaji da firem ɗin nan na roba mai ruwan gwal da ake zubawa a babbar kasuwa wanda duk gidan da ka shiga shi ne dai. Wani abokin aikina ya kwatanta mani wani ɗan shagon zane wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ba zan faɗi sunan ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi.

Shagon ƙarami ne, warin fenti da kananzir kamar ya hana ka numfashi, fanka ɗaya ita ma sai da wuta. Kaya iri biyu ne. Akwai na bugun inji da mai shagon yake sarowa, launi barkatai an watsa a leda an manna a katako, waɗannan kam kar ka ɓata kuɗinka, na ga ɗaya da rana ta taɓa har ya koɗe ya koma kalar ruwan wanki. Sai kuma wanda yake yi da hannunshi, nan ne maganar take.

Na tsaya gaban wani da ya jingina a bango, layuka ne kawai da wasu murabba'ai, na ce malam wannan kuma hoton mene ne ko ba ka gama ba. Yaron (ba zai wuce shekara talatin ba, ya ce a Zariya ya karanci zane) ya yi dariya ya ce Yallaɓai an gama, turawa na ce mashi abstirak, Larabawa kuma tajridi. Na ce to fassara mani da Hausa. Sai ya ce kamar tatar gasara ne, ka jiƙa gero ka markaɗa ka tace, dusa ta tafi, abin da ya kwanta a ƙasan roba shi ake nema. Ya jawo waya ya nuna mani bijimin da Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifen, ya zana sau 11 tsakanin ƙarshen 1945 da farkon 1946, na farko sa ne sosai da nama da komai, yana ta ragewa yana ragewa har na ƙarshe ya rage 'yan layuka da ba su fi a ƙirga da yatsa ba, kuma wallahi kana gani ka san sa ne. A nan na ja kujera na zauna.

Mun fi awa muna hira har la'asar ta kusa wuce mu. Ya kawo Kandinsky ɗan Rasha da ya fara irin wannan wajen 1911, da Malevich da ya zana baƙin murabba'i kawai a kan fari a 1915, wannan dai ni har yanzu ina ganin rainin hankali ne kuma na faɗa mashi. Inda ya kama ni shi ne da ya nuna rigar da ke jikina, ranar Juma'a ce na sa babbar riga. Ya ce wannan aikin na ƙirjinka me ake ce mashi, na ce aska takwas, ya ce to ina askar, wa ya taɓa yin aski da ita? Tsini ne kawai aka ɗauka aka bar ƙota da wanzami da komai. Haka dagi, haka zayyanar allon sauka, haka zanen da magina ke yi a fuskar soro da wanda mata ke ƙonawa a bayan ƙwarya. Shekara arba'in da wani abu ina sa rigar nan ban taɓa tambayar kaina ba.

Abin ya tuna mani da malaminmu na zaure Allah ya jiƙanshi, idan yana karantar da mantiƙi, wato ilimin tsara tunani da hujja, sai ya ce goro biyar, akuya biyar, yatsu biyar, to cire goron da akuyar da yatsun ka nuna mani biyar ɗin. Ashe tsohuwar rigima ce, Aflatun masanin falsafar Girka na cewa irin waɗannan ma'anoni suna nan da kansu a wata duniya tasu, ɗalibinshi Aristo ya ce a'a a jikin abubuwa suke hankali ne ke zare su, Ibn Sina ma ya yi dogon bayani a kan yadda hankali ke tuɓe wa abu launi da girma da wuri har ma'ana ta rage zalla. Mu nan Katsina ma ai ba baƙi ba ne a harkar, Muhammad al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741 littafi guda ya rubuta a kan hatimin lissafi, lambobi tsura a cikin gidaje. Karin magana fa, idan tsohuwa ta ce ruwa ba ya tsami banza ai ba maganar randa take ba.

To sai na ce ya yi mani nawa. Ya tambaye ni me na fi so a garin nan, na ce hasumiyar Gobarau, don a unguwar na tashi muna yara muna hawa matakalar ana koro mu. Muka yi ciniki, ya fara da dubu 70 muka tsaya a 55 har da firem, na ba da rabi, ya ce sati biyu.

Sati biyu ya zama sati shida. Nan ne ƙorafina. Kira ba ya ɗagawa, WhatsApp sai ya karanta ya yi shiru, in na je shagon sai ƙanenshi ya ce ya tafi Kano sayen fenti, sau uku ana tafiya Kanon nan. Da a ce tun farko ya ce mani wata ɗaya da rabi ba zan damu ba, ƙaryar gobe gobe ce ke ci mani rai. Ranar da aka kawo kuma a bayan mashin aka ɗauro shi ba ko kwali, gilashin ya tsage a kusurwa ɗaya, kuma ba ƙusa ba komai sai da na nemo kafinta da kuɗina.

Amma aikin kam, tubarkalla. Tubala uku ne na jar ƙasa, na ƙasa babba na sama na tsukewa, ya haɗa fentin da yashi har in ka shafa kana jin kaushi kamar yaɓe, sai wani siririn baƙin layi da ya karkace ya haura ta gefe, sama kuma ya bar ta fari-fari irin na hazon hunturu. Babu ƙofa babu taga babu bishiya. Da dare in an kunna ƙwan gefe yashin na yin 'yar inuwa, sai in tsinci kaina ina kallonshi na manta da talabijin.

Maman yara ta ce dubu 55 a kan bulo uku, Allah ya shirye ka Baban Ummi. Amma da Hajiyarmu ta zo ganin gida, ita da ko gilashin idonta ba ta sa ba, tana zama ta ɗaga kai ta ce kai wa ya kawo maka Gobarau cikin ɗaki? Ban faɗa mata komai ba kafin nan. Ta ce baƙin layin nan ai matakalar ce.

Wanda zai je, ya sayi na hannu ya bar na inji, kar ya ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, a rubuta ranar karɓa a takarda, kuma ya je da motarshi ko ya tari Keke Napep ya ɗauko da kanshi. Gilashin nawa ya ce zai canza mani kyauta ran Asabar, yau Asabar ta uku kenan.