Wane Windows za ka sa don kwamfutarka ta ƙara gudu?

Duk mai kukan nauyin kwamfuta a Damagaram, hanyoyi da yawa za a nuna masa. Ni dai zaɓina ɗaya ne: Windows 11 na asali, fitowar da ake kira 24H2 ko wadda ta biyo bayanta, kuma a sauke ta cikin Windows Update, wato sashen da Windows ke sabunta kansa.

A 2024 AMD, kamfanin da ke ƙera injin Ryzen (processor, ƙwaƙwalwar kwamfuta), da Microsoft suka gyara yadda Windows ke amfani da hasashen wannan injin, wato cinkar umarnin da zai biyo baya tun kafin ya iso. In ya cinka daidai, ba ya tsayawa jira. Gyaran yana cikin 24H2 da ta fito a Oktoban 2024, an kuma kai shi 23H2, fitowar da ta gabace ta, tun Agusta da lamba KB5041587. Injinan Ryzen masu ƙirar Zen 3, Zen 4 da Zen 5 duk sun amfana, ba tare da an sayi ko ƙusa ba. Ribar ta fi fitowa a wasanni, mai buga takardu kawai ba zai ga wani abin a zo a gani ba. Amma kula, ba kowace Ryzen 5000 ce Zen 3 ba: 5600U Zen 3 ce, 5500U kuwa Zen 2 ce. Masu injin Intel ƙarni na 12 zuwa sama su ma Windows 11 ya fi Windows 10 iya raba aiki tsakanin manya da ƙananan ƙwayoyin injinsu.

Windows 10 kuwa tallafinsa na kowa da kowa ya ƙare ran 14 ga Oktoban 2025. Linux Mint, wani tsarin da ake sawa a madadin Windows, yana da kyau ga tsohuwar kwamfuta, in za ka iya rabuwa da Word da Excel.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Windows ɗin da ake cewa an rage masa nauyi, wanda wasu masu gyara ke yawo da shi a filashi. Wani ya taɓa sa mini shi da rantsuwar kwamfutata za ta yi gudu kamar iska. Ashe an cire Defender, mai gadin Windows daga ƙwayoyin cuta, an toshe Windows Update, wato ƙofar da gyaran gaske ke shigowa. Ƙwayar cuta ta cinye mini takardun aiki. Wanda ya cire mai gadi, wa ya san abin da ya cusa ciki? Haka manhajojin da ke alkawarin ninka saurin inji, talla ce zalla.

Sai zancen tambari. Za ka ga kwamfutar hannu da tambarin Core i7 sabo fil, alhali injin ƙarni na 3 ne. Windows 11 yana buƙatar Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko Ryzen da ke cikin jerin Microsoft, da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta. Ana iya tsallake sharaɗin a cusa shi da ƙarfi, amma Microsoft bai lamunce wa irin wannan samun sabuntawa ba. Kafin ka ba da ko dala, a Kasuwar Dole ne ko a kayan da aka kawo daga Kano, buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna aikin kwamfuta, ka karanta sunan injin da idonka. A i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce ƙarnin. Sannan rubuta winver a wurin binciken Windows ka ga fitowar Windows ɗin.

Ranar saukewa, kwafe takardunka gefe, cika batir saboda ɗaukewar wuta, ka tanadi intanet mai giga da yawa. A kuma busa ƙurar hunturu daga fanka, don inji mai zafi da kansa yake rage gudu.