Mita mai kati ko tsohuwar mita?

Tun da aka saka mini mita mai kati a gidana na Birni, duk wanda ya zo shan shayi sai ya tambaya: "Malam, wacce ta fi?"

Tsohuwar mita sai wata ya ƙare ake kawo takarda. Ka sha wuta yanzu, ka biya daga baya, amma ba ka san nawa ka ci ba sai takardar ta iso. A gidan haya kuwa nan rigima take farawa, kowa na cewa firijin wani ne ya cinye.

Mai kati ba bashi. Ka sayi na jika biyu, a ba ka lambobi 20, ka danna, kilowat ya hau fuskar mita kana gani. Yarana yanzu da kansu suke kashe fanka. Sai dai ba ta da kara: wani dare cikin zafin Afrilu na manta ban saya ba, ƙarfe biyu ta ɗauke, muka kwashi tabarmi zuwa tsakar gida.

Ɗan haya da mai samun kuɗi kullum-kullum, mai kati ta fi musu. Mai albashi da mai sayar da ƙanƙara, wanda yankewar wuta asara ce gare shi, tsohuwar ta ishe su.