Sharhi: Addressables na Unity wajen kai kayan 3D cikin manhajar bitar alhazai

Aikin da muka gwada wannan tsari a kansa manhaja ce ta bitar aikin Hajji da Umara da Hausa. Maniyyaci yana sa tabarau na Meta Quest 3, ko ya ɗaga wayar Android, sai ya ga kansa a filin ɗawafi, ya bi tsakanin Safa da Marwa, ya ga ta inda ake hawa gadar Jamarat. A Jidda ake haɗa kayan, a masaukan Misfala da ke Makka ake amfani da su, inda mutum ɗari ke rububin Wi-Fi ɗaya bayan sallar isha'i. Hukuncina tun farko shi ne Addressables, wato tsarin kai kaya na Unity, dandalin da ake ƙera wasanni da manhajojin 3D, ya cika aikinsa, kuma zan ba duk mai irin wannan aiki shawarar ya ɗauke shi, amma da sharaɗin ya zauna ya tsara rabon kayansa kafin ya taɓa maɓallin gini, wato Build, mai haɗa kayan su zama fayilolin da za a ɗora.

Abin da tsarin ke yi shi ne raba manhaja da kayanta. Siffofin gine-gine, hotunan da ke lulluɓe su, muryar malami mai bayani, duk ana ɗaure su ƙunshi-ƙunshi a ajiye a uwar garke, wato kwamfutar intanet da na'urori ke saukewa daga gare ta. Manhajar kuma tana riƙe da kundin adireshi, wanda ke gaya mata ƙunshin da kowane abu yake ciki da inda za ta same shi. Amfanin a fili yake. Google Play ya ƙayyade girman ainihin manhajar da ake saukewa, iPhone kuma kan tsaya ya nemi izini idan manhaja ta wuce MB 200 a kan datar waya. Ban da haka, idan malami ya ce an yi kuskure a lafazin wata addu'a, ana gyara fayil ɗin murya a ɗora a ranar, ba sai an jira kantin manhajoji ya duba sabon fitarwa ba. Ga aikin ibada wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kuskuren da ya kwana a kunnen maniyyaci da shi zai shiga harami.

Inda aka fi faɗuwa shi ne rabon ƙunshi, don haka a nan zan daɗe. A Addressables ana zuba kaya rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana da zaɓi uku: Pack Together mai haɗa komai wuri ɗaya, Pack Separately mai ware kowane abu shi kaɗai, da Pack Together By Label mai bin alamar da ka liƙa. Na farkon shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi cutarwa a masaukin alhazai. A yi lissafi: ƙunshi mai MB 300 a kan layin da ke ba da megabit 2 a daƙiƙa zai ci minti 20 cur. Idan layin ya yanke a minti na 18, ƙunshin daga farko yake sake farawa, ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya. Da an raba shi goma, MB 30 kowanne, abin da za a yi asara bai wuce minti biyu ba, sauran suna nan a ma'ajiyar na'ura. Ware komai shi kaɗai kuma nasa ciwon daban: kundin adireshi ya kumbura, na'ura ta riƙa aika ɗaruruwan buƙatu ƙanana. Abin da ya yi mana daidai shi ne alama bisa wurin ibada, wato ɗawafi, sa'ayi, Mina, Arfa, Muzdalifa, Jamarat, kowanne tsakanin MB 20 zuwa 40. Murya kuma rukuninta daban, saboda ita ce ake yawan gyarawa, kuma gobe ana iya ƙara Fulatanci ko Zabarmanci ba tare da an taɓa siffar gini ko ɗaya ba.

Akwai tarkon da ba ya nuna kansa. Idan hoton marmara ɗaya ne aka shimfiɗa a filin ɗawafi da kuma hanyar sa'ayi, amma ba a sa shi cikin wani rukuni ba, tsarin zai kwafe shi cikin ƙunshi biyun. Ka biya data sau biyu, kuma idan an buɗe wuraren biyu tare, ya zauna a ƙwaƙwalwar na'ura sau biyu. Cikin tagar Analyze akwai gwajin Check Duplicate Bundle Dependencies da ke tono irin waɗannan. A gudanar da shi kafin kowane gini, a tattara abin da ya fito a rukunin kayan haɗaka.

Sai hotunan lulluɓi, waɗanda su ne ainihin nauyin. Mutane kan duba girman JPG a kwamfuta su ga MB 3 su kwantar da hankali, alhali katin hoto, wato ɓangaren na'ura mai zana abin da ido ke gani, ba da wannan yake aiki ba. Hoto mai 4096 sau 4096 idan aka warware shi ba matsi yana cin MB 64, da ƙananan kwafinsa na kallon nesa ya kai kusan 85. Quest 3 na da GB 8 na RAM, Quest 2 na da 6, kuma ba duka ake bar wa manhaja ba. A matse da ASTC, wato salon matse hoto bulo-bulo: bulo 4x4 yana saukar da shi zuwa MB 16, 6x6 zuwa bakwai da ɗoriya, 8x8 zuwa 4. Mun bar rubutun zinare na kiswa a 4x4, domin nan ne ido ke tsayawa, kuma da an matse shi da yawa haruffan ke narkewa su zama kamar an shafa da yatsa. Ƙasa, rufi da tantunan Mina 8x8 ya ishe su, babu mai lura.

Wajen matsin ƙunshin kansa akwai salo biyu: LZ4 ya fi saurin buɗewa, LZMA ya fi ƙanƙanta a hanya. Ga abin da za a sauke ta layin masauki LZMA muka zaɓa, tunda na'ura na mai da shi LZ4 a ma'ajiyarta bayan ya sauka.

Batun ɗorawa a uwar garke ba shi da wuya. Fayiloli ne kawai, duk ma'ajiyar da ke magana da HTTPS za ta ɗauka, ko Cloud Content Delivery na Unity, ko Cloudflare R2 wanda ba ya cajin kuɗin fitar data. Wannan kuɗin a sa shi a lissafi tun wuri: maniyyata 500 kowa ya sauke MB 300, GB 150 ke nan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne umarnin ajiya, wato Cache-Control, mai faɗin tsawon lokacin da tashoshin da ke kan hanya za su riƙe kwafin fayil. A sa tsarin ya liƙa lambar tantancewa a sunan kowane ƙunshi, ta yadda sabo ba zai taɓa ɗaukar sunan tsoho ba, sai a ba su Cache-Control na tsawon shekara. Kundin adireshi da ɗan fayil ɗinsa mai ƙarewa da .hash kuwa kada a bari a riƙe su ko kaɗan. Idan aka yi akasin haka, za ka ɗora gyara, tabarau na Jidda ya gani, na Makka ya ci gaba da karanta tsohon kundi daga tashar da ta fi kusa da shi. Sannan a bi jeri: ƙunshi su fara hawa, kundi ya zo ƙarshe, kuma kada a goge tsofaffin ƙunshi da wuri, don akwai wayar da ba ta sabunta kundinta ba tukuna.

Fayil ɗin addressables_content_state.bin da ke fitowa tare da kowane gini, a adana shi kamar fasfo. Da shi Update a Previous Build ke gane abin da ya canja. In ya ɓace, hanyar ƙaramin gyara ga wannan fitarwa ta toshe.

Abubuwa biyu na gani da ido da ya kamata mai farawa ya sani. Na ɗaya awo ne. Cikin nau'o'in fayil na siffofin 3D, glTF da mita yake aiki, USD kuwa idan ba a rubuta metersPerUnit ba santimita yake ɗauka, don haka Ka'aba mai tsayin kimanin mita 13 tana iya fitowa 'yar ƙarama a tafin hannu, ko ta haɗiye filin gaba ɗaya. A ajiye siffar mutum mai mita 1.7 kusa da kowane gini kafin a ɗaure shi. Na biyu marini ne, wato ɗan shirin da ke faɗa wa na'ura yadda haske da launi za su sauka a kan abu. Idan bai shiga ƙunshi daidai ba, bango ya fito ruwan hoda mai kashe ido. Idan kuma ba a rubuta shi don zanen ido biyu a zagaye ɗaya ba, ginshiƙi ya bayyana a idon hagu, a na dama babu shi. Dattijon da bai saba da tabarau ba, daƙiƙa kaɗan na wannan ya isa ya sa shi jiri ya cire ya ajiye. A kwamfuta ba a ganin wannan matsala, dole a gwada a tabarau ɗin kansa.

Iyakokinsa ma a faɗe su. Ƙunshi ba ya ɗaukar sabuwar lambar C#, wato rubutun shirin manhajar, don haka sabon aiki a manhaja sai sabon fitarwa. Ƙunshin Android ba ya buɗuwa a iPhone ko tabarau na Apple Vision Pro, kowane dandali da gininsa da babban fayil ɗinsa a uwar garke. Wanda abin da yake so kawai shi ne ya tura wa mai iPhone siffa ɗaya ya juya ta a ɗakinsa, fayil ɗin USDZ ya fi masa sauƙi, in dai uwar garke ta aika shi da nau'in model/vnd.usdz+zip.

Ga masu kula da ayarin alhazai, tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne manhaja ta kira GetDownloadSizeAsync ta nuna wa mutum adadin da zai sauke da Hausa ƙarara, sannan DownloadDependenciesAsync ya kwaso komai tun ana Jidda kan layi mai ƙarfi. A kunna zaɓin da ke hana duba kundi a lokacin buɗewa, a mai da sabuntawa maɓallin da jagoran ayari zai danna da kansa. Kuma duk lokacin da maniyyaci ya bar wani wuri zuwa wani, a kira Release a kan abin da aka buɗe, domin ƙwaƙwalwa ba ta sakin ƙunshi matuƙar abu ɗaya a cikinsa yana riƙe, ko da ƙaramar fitilar tanti ce.